Daƙiƙa Goma Kafin Taya Ta Taɓa Ƙasa

Duk wanda ya taɓa zama a Palladan ko Hanwa ko Kwangila a Zariya ya san ƙugin. Tun da hantsi ƙananan jirage za su fara shawagi. Ɗaya ya ɓullo ta saman rufin gidaje, ya yi ƙasa-ƙasa har ya ɓace wa ido, can sai ka ji ya ƙara wuta ya haye, bayan 'yan mintoci ya sake biyowa ta inda ya bi ɗazu. Baƙo kan ɗauka jirgin ne ya sami matsala. Mutanen unguwa ko ɗaga kai ba sa yi, don sun san ɗaliban Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ne ke darasi, makarantar da aka kafa tun 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO. Darasin da ake ta maimaitawa kuwa shi ne sauka.

Tashin ƙaramin jirgi ba shi da wuya sosai. Ka ba shi wuta, ka riƙe shi a tsakiyar titi, da gudu ya kai shi da kansa zai nemi sama. Sauka ce ke cin awanni da kuɗin iyaye, ita ce kuma ke cin ƙarfe. Shi ya sa ake sa ɗalibi ya hau ƙafa 1,000, ya zagaye filin, ya sauko ya taɓa titi, ya sake ba da wuta ba tare da ya tsaya ba. Zagaye guda bai wuce minti shida ko bakwai ba, don haka cikin awa ɗaya ɗalibi na iya sauka sau takwas ko goma. Kyaftin ɗin da ya kwashi alhazai daga Kano zuwa Jidda sau ɗaya zai sauka bayan awa huɗu da ɗoriya, ga shi da dubban awanni a littafinsa, ga mataimaki a gefe. Aikin da ya fi kowanne buƙatar gwaninta, wanda ya fi kowa ƙarancin gwaninta ne ya fi yawan yin sa.

A Amurka, inda aka fi ko'ina yawan ƙananan jirage da makarantun tuƙi, ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta AOPA na fitar da ƙididdigar haɗurra duk shekara. Shekara da shekaru abu guda take nunawa: cikin haɗurran da kuskuren matuƙi ke jawowa, na wajen sauka ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi ƙarancin kisa. Taya ta karye, farfela ta lanƙwashe, jirgi ya shiga ciyawa, mutane su fito suna kakkaɓe riga. Wani nazarin da ƙungiyar ta yi da Jami'ar Liberty kan haɗurran horo da aka rasa rai a cikinsu tsakanin 2000 da 2019 ya nuna cewa a fiye da rabinsu jirgin ne ya ƙwace wa matuƙi, galibi bayan gudu ya ragu har fiffike ya daina ɗaukar nauyi. Haɗarin sauka ke nan iri biyu ne. Akwai wanda ke faruwa a kan titi, wanda yawanci asarar dukiya ce. Akwai kuma wanda ke faruwa 'yan ɗaruruwan ƙafa a sama, kafin a iso titin ko bayan an fasa sauka, shi ne ke kai mutane maƙabarta.

Abin da hannu ke yi

Ɗauki Cessna 172, jirgi mai kujera huɗu da aka fara sayarwa a 1956, wanda aka ƙera fiye da 44,000, adadin da babu wani jirgi a duniya da ya kai. Yakan nufo titi da gudun kusan kilomita 120 a awa, inji ƙasa-ƙasa, an saukar da falankin bayan fiffike da matuƙa ke kira filaf. Da ya ƙetare bakin titi sai ɗalibi ya janye totur gaba ɗaya, ya fara jawo sitiyari jikinsa a hankali don hancin jirgin ya ɗago, ya riƙe shi taku ɗaya ko biyu sama da kwalta har gudun ya ƙare, manyan tayoyin biyu su zauna, ta gaba ta biyo baya. Duk wannan bai fi daƙiƙa goma ba, kuma babu agogon da ke gaban matuƙi da zai gaya masa lokacin ja ya yi. Ido ne ke aunawa. Mai jafi a hawan salla yakan saki doki a sukwane ya nufi sarki, ya ja linzami daidai inda ya kamata. In ya ja da wuri ya tsaya can nesa ya sha kunya, in ya makara ya afka cikin fadawa. Haka ɗalibi: ya ja da wuri, gudu ya ƙare masa yana ƙafa goma a sama, jirgin ya faɗo tim, ya makara, ya shiga titi da hanci.

Amma kuskuren da ya fi yawa ya samo asali ne daga tsoro mai ma'ana. An gargaɗi ɗalibi tun ranar farko cewa ƙarancin gudu na kisa, sai ya riƙa ƙara ɗan gudu kan wanda littafi ya ce, wai don ya tsira. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari na gudu na ƙara kusan kashi 20 na tsawon titin da za a ci. Ga shi kuma idan fiffike ya kusanci ƙasa jan da iska ke yi wa jirgi na raguwa, sai ya yi ta shawagi a saman kwalta ya ƙi zama. Ɗalibi na kallon titi na ƙarewa. Hankalinsa ya ce masa ya tura hanci ƙasa ya dasa jirgin da ƙarfi.

Nan ake shiga uku. Tayar gaba ce za ta fara bugun ƙasa, ta wurgo hancin sama, jirgin ya sake tashi ba da niyya ba. Ɗalibi ya sake turawa, amma hannunsa na bayan jirgin da rabin daƙiƙa, don haka bugu na biyu ya fi na farko, na uku kuma sau da yawa shi ke karya ƙafar gaba. Ba a ƙera ta don ɗaukar nauyin sauka ba, aikinta riƙe inji da juya jirgi a ƙasa. Da ta karye farfela ta ci kwalta, kuma ko ɗan gefenta kawai ya lanƙwashe, ƙa'idar masu ƙera injin ita ce a sauke shi a buɗe a duba cikinsa. Jirgi guda ya kwanta wata da watanni ana jiran kayan gyara daga waje da dala, ɗalibai da dama na layi.

Abin dariya, lokacin da kamfanin Cessna ya fito da 172, ya tallata tsarin tayoyinsa da sunan Land-O-Matic, wai jirgi ne mai saukar da kansa, a tuƙa shi kamar mota. Gaskiya ne ya fi magabacinsa 170 mai ƙaramar taya a wutsiya sauƙi, wanda in aka yi sake yakan juya ya kalli inda ya fito. Amma tunanin mota ɗin nan har yau yana ɓata ɗalibai. A ƙasa da feda ake juya jirgi, da ƙafa, sitiyari aikinsa karkata fukafukai. Wanda ya shekara goma yana tuƙin mota, da jirgi ya fara zamewa gefen titi hannunsa ne zai murɗa sitiyari, ƙafafunsa na zaune. Idan iska na bugowa daga gefe abin ya ƙara rikicewa, don dole a sunkuyar da fiffiken ɓangaren iskar a kuma danna fedar ɗaya ɓangaren, a sauka kan taya guda tukuna. Iskar gefe mafi ƙarfi da aka gwada 172 da ita wajen sauka kusan kilomita 28 ce a awa, kuma ƙwararren matuƙin kamfani ne ya gwada. Makarantu kan sa wa ɗalibi iyaka ƙasa da haka nesa.

Ƙasarmu na da nata ƙarin. Filin Zariya ya haura ƙafa 2,000 sama da teku, kuma ranar da zafin bazara ya kai digiri 38 iska kan yi sirara har jirgi ya ji kamar yana sama da ƙafa 5,000. Agogo zai nuna gudun da aka saba, amma a zahiri jirgin ya fi haka sauri a kan ƙasa da kusan kashi goma, inji kuma ba ya ba da cikakken ƙarfinsa a lokacin da za a nema. Da rana tsaka zafin kwalta na tura iska sama, ta ɗaga jirgi a daidai inda ake son ya zauna. A hunturu hazo na shafe layin da ya raba sama da ƙasa, wanda da shi ɗalibi ke auna ɗagowar hanci. Gab da damina kuwa iskar da ke gaban hadari na iya juyawa cikin 'yan mintoci, wanda ya tashi iska na gabansa ya dawo ya tarar tana bayansa.

Ƙin sauka

Maganin kusan duk abin da aka lissafa guda ɗaya ne, yana kuma cikin kowane littafin koyarwa: a fasa. Gudu ya yi yawa, ka yi sama da yawa, jirgi ya yi tsalle, ranka bai kwanta ba, to tura totur har ƙarshe, ka hau, ka sake zagayowa. Kuɗinsa minti shida da 'yan litocin mai. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A nan da muguwar sauka gwamma ƙin sauka.

To me ya sa rahotannin bincike ke cike da waɗanda ba su fasa ba? A ganina amsar ba ta cikin jirgi. Ɗalibin da ke shirin tashinsa na farko shi kaɗai ya san ana ƙirga masa awanni, ya san sa'o'insa sun riga shi, ya san gwamnatin jiha ko mahaifinsa ne ya biya kuɗin da kowace awa ke ci. Yana ganin fasa sauka shaida ce cewa bai iya ba, a gaban malami, a gaban hasumiyar kula da jirage, a gaban 'yan ajinsu da ke tsaye bakin rumfar jirage suna kallo. Idan malami ya taɓa yin tsaki sau ɗaya don an fasa, ya riga ya koyar da darasin da babu littafin da zai goge. Makarantar da ke yaba wa ɗalibi don ya lallaɓa ya ceto sauka marar kyau, ta yi shiru ranar da ya fasa, ita ke shuka karyewar tayar gaba ta wata mai zuwa.

Sai dai fasawar ma aiki ce da sai an koya, kuma a nan ne haɗari mai kisa yake. Da an ba da cikakkiyar wuta hancin jirgi kan yi sama da ƙarfi, ya kuma karkata hagu saboda juyin farfela. Dole a danne sitiyari, a taka fedar dama, a janye filaf kaɗan-kaɗan. Wanda ya janye shi gaba ɗaya a take, jirgin zai nutse. Wanda ya bar hanci ya yi sama, gudu zai ƙare. Haka ma a kwanar ƙarshe kafin a fuskanci titi, ƙafa 400 ko 500 daga ƙasa: ɗalibi ya ga ya wuce layi, ya matsa kwanar, alhali jirgin da ya karkata digiri 60 na buƙatar ƙarin gudu kashi 40 cikin ɗari kafin fiffike ya ci gaba da riƙe shi. Idan fiffike ɗaya ya saki a wannan tsayi, jirgi ya fara juyi, babu sararin da za a farfaɗo.

Ranar 19 ga Yuli 2006 wani yaro ɗan shekara 16 na zagaye a filin jirgin Southend a Ingila cikin Cessna 150. Tashinsa na biyu ke nan shi kaɗai, awanninsa kusan 15. Ya riga ya fuskanci titi, ya rage gudu, ya saukar da filaf, sai ga wani jirgi da ya fi shi sauri na biye da shi a baya. Don a ba wancan hanya, hasumiya ta fara umartar sa ya fasa sauka, sannan ta canza, ta ce ya juya hagu ya nufi arewa. Abu ne da ba a taɓa koya masa ba. Ya bi umarni ya juya, amma ya ci gaba da tafiya ƙasa-ƙasa a yanayin mai shirin sauka, gudun na ta raguwa, har jirgin ya juya ya faɗi a wani filin shaƙatawa kusa da gidajen mutane. Ya rasu nan take.

Masu binciken haɗurran jirage na Birtaniya ba su tsaya kan hannun yaron ba. Sun duba abin da aka ɗora masa. Daga shawarwarinsu ne aka shigo da ƙa'idar cewa ɗalibin da ke tashi shi kaɗai ya sa kalmar da ke nufin ɗalibi a gaban lambar jirginsa idan ya kira hasumiya, don mai magana da shi ya san da wa yake magana, ya rage saurin baki, kada ya ba shi umarni mai sarƙaƙiya. Dokar sama ta ba kowane matuƙi, har ɗalibi, ikon ya ce ba zai iya bin umarni ba. Amma wane yaro ɗan shekara 16 ne zai ce wa hasumiya a'a?

Muryar da ke rediyo na iya yin akasin haka. A Satumbar 2018 a Beverly ta jihar Massachusetts, tayar dama ta wani Piper ta fita ta faɗi yana tashi, ga yarinya 'yar shekara 17 ita kaɗai a ciki. Jami'ar hasumiya ta kwantar mata da hankali, aka kira malami ya hau rediyo, aka bar ta ta yi ta zagaye har muryarta ta daina rawa, sannan ta sauka. Jirgin ya zame cikin ciyawa, ita ko ƙwarzane. Shekara guda bayan haka a filin Jandakot da ke Perth a Ostireliya, malami ya suma a kafaɗar ɗalibin da ke darasinsa na farko a Cessna 152. Jami'in hasumiya bai gaggauta shi ba. Ya sa shi ya yi ta gwada nufo titin yana wucewa, kusan awa guda, kafin ya ce masa ya sauka, ya kuma sauka lafiya. A duka biyun an ba ɗalibin lokaci, abin da na Southend bai samu ba.

Kujerar dama

Aikin malamin tuƙi, mai zama a kujerar dama, na da wani ƙulli da ba ya kwancewa. In ya karɓe jirgi da ɗalibi ya ɗan kauce, ɗalibin ba zai taɓa sanin yadda kuskure ke girma ba, sai ranar da yake shi kaɗai. In ya bar shi ya ga ƙarshen kuskurensa, tazarar da ke tsakanin darasi da haɗari ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Rahotanni da yawa na ƙarewa da jimla iri ɗaya, cewa malami ya makara wajen karɓa. A Amurka abin ya haɗu da wani tsari: tun 2013 sai da awa 1,500 ake ɗaukar mafi yawan matuƙa a kamfanonin jigilar fasinja, hanya mafi sauƙi ta tara awannin kuwa koyarwa ce. Sai ya zama da yawa daga masu koyar da sauka bara ko bara waccan suka koya.

Akwai kuma lokacin da kowa ya dogara da ɗan'uwansa. Ɗalibi na ganin malam na nan, in da matsala zai yi magana. Malam na ganin ɗalibi ya bi takardar dubawa. A watan Mayu na 2019 wani Diamond DA42 mai inji biyu na kwalejin tuƙin jirgi ta Ilorin ya sauka da cikinsa a kan titi, binciken AIB, hukumar binciken haɗurran jirage ta Najeriya a lokacin, ya nuna ba a saukar da tayoyinsa ba. Irin wannan na faruwa a ko'ina a duniya, musamman ga wanda ya saba da jirgi mai kafaffun tayoyi ya koma mai naɗewa, ko lokacin da aka rage wutar inji ɗaya da gangan don gwaji, ƙararrawar gargaɗi ta yi ta kuka har kunne ya daina jin ta. Shi ya sa ake nacewa kan furta komai da baki, har miƙa tuƙi: malam ya ce ya karɓa, ɗalibi ya ce ya saki, malam ya sake tabbatarwa.

A nan tarbiyyarmu na buƙatar gyara na musamman. Mun taso ba a katse babba, ba a nuna wa malami ya manta. Ɗabi'a ce mai kyau a zaure, amma a ƙafa 300 ɗalibin da ya ga fitilun tayoyi ba su yi kore ba ya yi shiru don kunya ya cuci kansa ya cuci malaminsa. Faɗin "Yallaɓai, ban ga kore ba" ba rashin ladabi ba ne, sai dai ɗalibi ba zai yarda da haka ba sai malamin da kansa ya nema, ya kuma nuna jin daɗi ranar da aka gyara masa.

Shi ma jirgin yana ƙirga saukarsa. Ranar 4 ga Afrilu 2018 a Daytona Beach ta jihar Florida, wani Piper Arrow na Jami'ar Embry-Riddle ya taɓa titi ya sake tashi, ana jarraba wani matashi don lasisin tuƙin kasuwanci. Yana cikin hawa fiffiken hagu ya rabu da jikinsa. Matashin da mai jarrabawar duk suka rasu, ba tare da ɗayansu ya yi wani kuskure ba. Jirgin shekararsa goma sha ɗaya kacal, awanninsa kusan 7,700, amma ya sauka fiye da sau 33,000. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta gano tsagewa ce ta yi ta cin babban ƙarfen da ke riƙe fiffiken, a daidai ramin ƙusa, inda idon makaniki ba ya kaiwa. Da aka duba wani jirgin irinsa na makarantar aka tarar shi ma ya fara tsagewa. A farkon 2021 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta wajabta duba wannan wuri da na'ura a dubban jiragen Piper masu irin wannan aiki. Awa ɗaya ta horo, ƙasa-ƙasa cikin iska mai girgiza da bugun ƙasa sau goma, ba daidai take da awa ɗaya ta tafiya a sama ba.

Wannan ya kawo mu ga saukar da babu wanda ya gani. Babban haɗari ba ya ɓoyuwa. A Najeriya hukumar NSIB, wadda ta gaji AIB bayan dokar 2022, za ta zo ta auna ta rubuta, kuma ƙa'idar ICAO ta ce manufar bincikenta hana maimaituwa ce, ba neman mai laifi ba. Amma ɗalibin da ya buga ƙasa da ƙarfi yana shi kaɗai, jirgin bai nuna komai a waje ba, shi kaɗai ya san abin da ya faru. A irin su Cessna bangon da ke bayan inji, inda ƙafar gaba ke manne, na iya lotsawa ba a gani sai an buɗe murfi. Yana da zaɓi biyu kafin ya miƙa makulli: ya rubuta a littafin jirgi a kira injiniya, ko ya yi shiru wani ya hau bayan rabin awa. Abin da zai zaɓa ya danganta ne da abin da ya ga an yi wa wanda ya faɗi gaskiya kafin shi, ko an zaunar da shi an duba abin da ya faru an ƙara masa awa ɗaya da malami, ko kuwa an dakatar da shi an aika wa mahaifinsa takardar kuɗin gyara.